Gargaɗi ga Iyaye da Malamai a kan Ciwon Shanyewar Ɓarin Jiki

 Ya ku 'yan'uwa, ina so in ja hankalinku ga wani ilmi da muka hana 'ya'yanmu, alhali kuwa su ne suka fi kowa bukatarsa.

Wa ke zaune da tsoho da hantsi, sa'ad da magidanci ya tafi kasuwa ko gona? Jikansa ne. Na ga wannan da idona a unguwarmu. Wani dattijo yana zaure da jikansa, sai bakinsa ya karkace, maganarsa ta sarƙe. Yaro ya zaci wasan kaka da jika ne, ya yi dariya ya fita. Da manya suka komo, aka ce iska ce ta buge shi, aka yi ta hayaƙi har gari ya waye. Ya rayu, amma bai ƙara ɗaga hannun dama ba.

Ku sani, wannan ciwo asalinsa jijiyar jini ce a cikin ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, kuma hawan jini shi ne babban mai jawo shi. Wurin da jini bai kai ba yakan fara mutuwa nan da nan. Akwai allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe, amma galibi ba a yin ta in an wuce sa'a 4 da rabi, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa tukuna, don a bambance toshewa da fashewa.

Saboda haka a koya wa yaro alamomi 3. Ya ce, "Kaka, yi murmushi," ya duba ko baki ya karkace. Ya ce, "Ɗaga hannuwanka biyu," ya duba ko ɗaya ya zube. Ya saurara ko magana ta lalace. In ya ga ko da ɗaya, ya ruga da ihu ya kira babba, ya kuma riƙe lokacin, ko kafin azahar ne ko bayanta, gama likita zai tambaya. Kada a ɗura wa majinyaci ruwa ko fura ko rubutu ko ƙwaya, domin haɗiya takan gagara, abin ya faɗa huhu. In ya suma, a kwantar da shi a gefe. Ko alamun sun wuce da kansu, a kai shi asibiti a ranar.

Addu'a ba ta hana neman magani, a yi ta a bisa hanya. Malamin allo da na boko, yaron da ya iya hardace karatu ba zai kāsa riƙe alamomi 3 ba. Ku karantar da su wannan mako, ku ce su je su gwada wa iyayensu a gida.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kiyashe mu da sakaci. Haza wassalam.