Mai Bincike Ma Yana Jin Yunwa

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ja hankalinku ga waɗansu mutane da ba safai a ke tunawa da su ba in ana zancen jami'a, watau ɗaliban da suka gama digirin farko, suka koma neman na biyu ko na dakta. In an gano sabon magani, sunan farfesa mu ke ji a rediyo. Amma wanda ya kwana a ɗakin gwaji yana gadin kwalabe, ya auna, ya rubuta, ya sake aunawa, yawanci ɗalibi ne. Ni a ganina wannan ma'aikaci ne, kuma ya cancanci albashin da zai riƙe shi.

Bari in ba ku misali da Amurka, domin can ne maganar ta fi fitowa fili. A can farfesa ya kan rubuta wa gwamnati takarda ya bayyana binciken da ya ke so ya yi, in an yarda a ba jami'arsa kuɗin. To, daga cikin kuɗin nan ne a ke biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, a kuma ba shi ɗan abin da zai ci abinci ya biya haya. Waɗansu kuwa koyarwa su ke yi a ƙananan azuzuwa, su duba takardun jarrabawa, a biya su. Digirin dakta a can ya kan ci shekara biyar ko shida.

Ran 14 ga Nuwamba, 2022, ma'aikata wajen 48,000 na Jami'ar Kalifoniya, galibinsu irin ɗaliban nan, suka tafi yajin aiki. Sai da suka yi kusan mako shida kafin a daidaita. Mai ƙaramin albashi a cikin masu koyarwar yana samun wajen dala 23,000 ne a shekarar karatu, aka yarda a kai shi wajen dala 34,000 a 2024. Na san wani zai juya kuɗin nan zuwa naira ya riƙe baki. A yi hankali, kowane gauta ja ne sai dai in bai sha rana ba. Kalifoniya tana cikin jihohin da hayar gida ta fi tsada a Amurka, kuma kukan da ɗaliban suka fi yi ke nan, cewa haya ta cinye albashin tun wata bai raba ba.

Ba a daɗe da wannan ba sai ga wata. A watan Fabrairu, 2025, hukumar da ke ba da kuɗin binciken lafiya a ƙasar, wadda a ke kira NIH, ta ce kuɗin da ta ke ƙara wa jami'o'i don wutar lantarki da gyaran gini da kula da ɗakunan gwaji ba zai ƙara wuce kashi 15 cikin ɗari ba, alhali kuwa manyan jami'o'i da yawa suna karɓar fiye da kashi 50. Kotu ta tsayar da wannan umarni, amma tsoro ya riga ya shiga. Ku duba inda wuƙar ta fara sauka. Ba a rage albashin shugaban jami'a ba tukuna, ba a rushe gini ba. Sai waɗansu jami'o'i, har da ta Fensilbaniya, suka rage yawan ɗaliban dakta da za su ɗauka, waɗansu ma suka janye gurbin da suka riga suka yi wa yara alkawari. Ashe ko a ƙasar masu arziki, icen da ya fi laushi shi gatari ke fara ci.

Akwai masu cewa ai ɗalibi koyo ya ke yi, digirin da zai samu shi ne ladansa. Wannan magana ba ta gamsar da ni ba. Yaron tela ma koyo ya ke yi, amma maigidan kirki ba ya barinsa ya wuni yana ɗinki da yunwa, kuma ran da ya fara ɗinka rigar da a ke sayarwa, sai a fara sallamarsa. Balle mutum mai shekara talatin, watakila da iyali, wanda ke koyar da aji guda, binciken da ya yi kuma jami'a ta ɗauka ta nemo wani kuɗin da shi. In aka ce sai mai iya zama shekara biyar ba albashin kirki ne zai yi dakta, to, an rufe wa ɗan talaka ƙofa ke nan, komai kaifin ƙwaƙwalwarsa.

Kada iyayenmu manoma su ce ina ruwanmu da rigimar Amurka. Irin waken nan SAMPEA 20-T, wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta iya masa, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ita ta fitar da shi a 2019, bayan shekaru ana gwaji. Da shi feshi biyu ya kan wadatar, maimakon shida ko takwas. Cikin masu ba da kuɗin aikin har da hukumar agajin Amurka, USAID, wadda gwamnatinsu ta rufe a 2025.

Mu kuwa nan gida, ɗalibin digiri na biyu ko na dakta yawanci shi ke biyan kuɗin makarantarsa, sau da yawa har kayan gwaji da kuɗin mota zuwa ƙauyukan da zai yi bincike daga aljihunsa su ke fita. A 2022 ma malaman jami'a sun yi yajin aiki wata takwas, gwajin mutane da yawa ya tsaya cik. Ina roƙon asusun TETFund, da ke raba wa jami'o'inmu kuɗin bincike, ya sa sharaɗi a rubuce cewa kowane aikin da ya ba kuɗi, a ware alawus na wata-wata ga ɗaliban da za su yi shi, a kuma biya su kai tsaye ta banki.