Sharhi: Tsaron kuɗin da ake turawa gida ya rataya ne a kan wayar wakili

Duk ɗan ci-ranin da ke aika kuɗi daga Legas, Abijan ko Tarabulus zuwa ƙauyuka irin Mai Yara da ke gundumar Dakoro a jihar Maradi ya san cewa a ƙarshe kuɗin kan bi ta wayar wani wakili. Tsaron wannan waya ya dogara ne da wani abu da ba a gani, wato satifiket ɗin tsaro na dijital.

Satifiket tamkar katin ɗan ƙasa ne na na'ura. Da shi waya ke tabbatar da cewa tana magana ne da ainihin kamfanin kuɗi, ba da ɗan damfara ba. Kowace waya na zuwa da jerin kamfanonin da ta yarda su bayar da wannan shaida.

Matsala ta farko ita ce tsufan waya. A ranar 30 ga Satumbar 2024 wa'adin wata tsohuwar shaida da Let's Encrypt ke jingina da ita ya ƙare, sai wayoyin Android da ba su kai 7.1.1 ba suka daina amincewa da shafukan da ke amfani da satifiket ɗinsa. A karkara, inda ake yawan sayen wayar hannu-biyu, irin wannan kan hana ciniki, mai waya kuma ya ɗauka sabis ne ya ɗauke.

Ta biyu ta fi haɗari. Idan waya ta fara nuna gargaɗi, wasu kan kai ta wurin mai gyara ya saka mata satifiket ɗin da ba a san asalinsa ba. Wanda ya mallaki wannan satifiket na iya leƙa bayanan da ke wucewa. Shi ya sa a 2019 Google da Mozilla da Apple suka toshe wanda gwamnatin Kazakistan ta nemi 'yan ƙasarta su saka.

Wa'adi ma na ƙara gajarta. A Afrilun 2025 ƙungiyar CA/Browser Forum ta amince a rage tsawon rayuwar satifiket ɗin shafukan intanet daga kwana 398 zuwa 200 a Maris 2026, zuwa 100 a 2027, sannan 47 a 2029. Kamfanin da ke sabuntawa da hannu zai sha wuya. A Disambar 2018 satifiket ɗin Ericsson da ya ƙare ya katse intanet ga miliyoyin masu layin O2 a Birtaniya.

Saboda haka nauyin na wuyan kamfanonin tura kuɗi da na sadarwa. Akwai manhajojin kula da wayoyin aiki da ke ba kamfani damar saka satifiket daga nesa, ya sabunta shi, ya soke shi idan an sace waya. Ya kamata su raba wa wakilansu irin waɗannan wayoyi, hukumomin ARCEP da HAPDP kuma su sa ido.

Kafin nan, mai tura kuɗi na da rawar da zai taka: ya faɗa wa 'yan gida kada su yarda a saka satifiket daga saƙon WhatsApp, kuma idan waya ta nuna gargaɗin tsaro, a dakata da ciniki a tuntuɓi ofishin kamfani.