Kiɗan da aka mayar bulala

A watan Fabrairu na shekara ta 2014 labari ya bazu cewa makaɗan Skinny Puppy sun aika wa gwamnatin Amurka takardar neman biyan dala 666,000, saboda an yi amfani da kiɗansu wajen azabtar da fursunoni a gidan kason Gwantanamo. Nan take masu ba'a suka ce ai dama kiɗan nasu azaba ne, sojoji sun dai gane amfaninsa ne kawai. Wannan magana raha ce ta rashin imani, kuma jahilci ne da tarihin ƙungiyar.

cEvin Key da Nivek Ogre ne suka kafa ta a birnin Bankuba na Kanada a shekara ta 1982. Da na'urorin lantarki suke kiɗa: ƙarar ƙarafa, guntayen muryoyi daga fina-finai da rediyo, da muryar Ogre wadda injin ke murɗewa har ta zama gurnani. Babu mai musun cewa ba ya da daɗin ji. Amma me ya sa suka zaɓi muni? Faifansu na 1988, VIVIsectVI, tir ne da gallaza wa dabbobi a ɗakunan gwaji. A cikinsa akwai waƙa kan iskar guba da aka watsa a yaƙin Iran da Iraƙi. Wanda zai ba da labarin mahauta ba ya yi da sarewa.

Sannan masu ba'ar sun manta cewa har waƙoƙin yara na shirin Sesame Street an kunna wa fursunoni. Ashe ba kaushin sauti ne ke karya mutum ba. Ɗauri ne, da hana barci, da amo mai tsanani sa'o'i a jere, ba shi da ikon toshe kunne. Da kalangu aka yi haka, da kalangu ya zama makami.

Akwai masu cewa neman kuɗi ya mayar da azaba ciniki. Ƙorafin yana da nauyi, sai dai takardar tuhuma ce aka rubuta da harshen da hukuma ke ganewa. Makaɗa da yawa an kunna kiɗansu a wannan kaso, wasu sun yi gum, wasu ma sun yi alfahari.

Skinny Puppy sun yi rangadin bankwana a 2023. Mai son kushe kiɗansu ya kushe, kunnensa ne. Amma ya bar dariya da kukan ɗaurarre.