Wasannin bidiyo na 'yan shekarun nan da haƙƙin lokacin ɗan wasa

A ranar 23 ga Agusta 2024 kamfanin Sony ya fitar da Concord, wasan harbi na intanet da aka shafe shekaru ana ginawa. Ranar 6 ga Satumba, mako biyu kacal da fitowarsa, aka rufe shi, aka mayar wa waɗanda suka saya kuɗinsu, kafin watan Oktoba ya ƙare kuma aka rufe Firewalk, kamfanin da ya ƙirƙiro shi. A wannan shekarar dai wani mutum guda a Kanada, wanda aka fi sani da laƙabin LocalThunk, ya fitar da Balatro, ɗan ƙaramin wasa da aka gina a kan ƙa'idojin karta. Ba shi da labari, zanensa kuma mai sauƙi ne, amma kafin ya cika shekara an sayar da kwafi sama da miliyan biyar.

Waɗannan labarai biyu sun isa su nuna cewa yawan kuɗin da aka zuba da ƙyalƙyalin hoto ba su ne ma'aunin nagartar wasa ba. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne abin da wasa yake yi da lokacin mai buga shi. Akwai wasan da ke karɓar awa ɗaya ya mayar da ita da abin tunawa, akwai kuma wanda ke karɓarta don kawai ya riƙe mutum har ya buɗe jakar kuɗinsa. Idan aka bi nau'o'in wasannin da suka fito tun daga 2020 da wannan ma'auni, ƙarfinsu da rauninsu suna fitowa fili.

A fara da wasannin da ke sakin ɗan wasa a cikin faffaɗar duniya ya tafi inda ya ga dama. Elden Ring, wanda kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a Fabrairun 2022 ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki, ya yi fice ne saboda amincewar da ya yi da hankalin mai wasa. Ba ya cika taswira da alamomi, ba ya jan mutum da hannu. Hasumiyar da aka hango daga nesa ita ce gayyata, wanda ya je kuma yakan tarar da abin da ya cancanci tafiyar. Rauninsa yana nan kusa da ƙarfinsa: wasu sassan labarinsa a ɓoye suke har sai mutum ya nemi bayani a intanet, kuma a ƙarshen tafiya akan sake haɗuwa da dodannin da aka riga aka yaƙa. Tears of the Kingdom na Nintendo, wanda ya fito a Mayun 2023, ya ƙara wani abu a kan wannan 'yanci, domin ya bai wa ɗan wasa damar haɗa katako da taya da injin ya ƙera abin hawa ko gada yadda ya ga dama, duk da cewa na'urar Switch ta 2017 da yake gudana a kanta takan yi nishi idan abubuwa suka yi yawa a allo.

Starfield na kamfanin Bethesda, wanda ya fito a Satumban 2023, ya bi wata hanyar. Ya yi alkawarin duniyoyi sama da dubu, ya kuma cika alkawarin, sai dai mafi yawansu fili ne fetal, gine-ginen da ke cikinsu kwafin juna ne, kuma tafiya daga wannan zuwa waccan ba ta wuce zaɓi a jeri da zaman jira. Faɗin gona ba shi ne yawan amfani ba.

A ɓangaren wasannin da mutum ke ɗaukar matsayin wani gwarzo a cikin dogon labari, Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian da ke Beljiyam ya zama abin kwatance. An fara sayar da sigar gwajinsa a Oktoban 2020, aka shafe kusan shekaru uku ana sauraron 'yan wasa ana gyara, sannan ya fito a Agustan 2023 a matsayin cikakken kaya, babu shagon sayar da ƙarin abubuwa a cikinsa. Zaɓin da mutum ya yi a farkon labari yakan dawo masa bayan awanni masu yawa, abin da ke sa ya ji cewa shawararsa tana da nauyi. Duk da haka kashi na uku na wasan ya fito da tangarɗa da nauyin gudu, sai da aka yi ta gyara. Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt da ke Foland ya fi shi shiga wannan rami. Ya fito a Disamban 2020 a lalace a kan tsofaffin na'urori, har Sony ta cire shi daga shagonta na kusan wata shida. Sai a Satumban 2023, da babban gyara da ƙarin labarin Phantom Liberty, ya kai matsayin da aka yi tallarsa da shi. An yaba wa kamfanin da bai gudu ba, amma ɗabi'ar sayar da kaya kafin ya nuna, a gyara daga baya, ta zama ruwan dare, kuma wanda ya fara saya shi ne yake biyan kuɗin zama ɗan gwaji.

Wasannin harbi na intanet su ne inda gasar neman lokacin mutane ta fi zafi, domin kowane kamfani yana mafarkin wasan da za a yi shekaru ana bugawa ana sayen kaya a ciki. Concord ya shigo kasuwar da abokan gasarsa da dama kyauta ake buga su, shi kuma ya nemi dala 40 ba tare da wani sabon abu ba. Helldivers 2 na kamfanin Arrowhead da ke Suwidin, wanda ya fito a Fabrairun 2024 a kan wannan farashi, ya yi nasara saboda raha da haɗin kan da yake samarwa tsakanin mutum huɗu. Amma a watan Mayu Sony ta ce dole masu buga shi a kwamfuta su buɗe asusun PlayStation, aka kuma dakatar da sayar da shi a ƙasashe da yankuna sama da 170 da babu wannan asusu a hukumance, ciki har da mafi yawan ƙasashen Afirka. Kamfanin ya janye sharaɗin bayan 'yan wasa sun yi ca a kansa, amma darasin ya tabbata: wasan da ya dogara da intanet da izinin kamfani aro ne, ko da an biya kuɗinsa.

Wasan ƙwallon ƙafa shi ne wanda aka fi sani a shagunan wasa na Kano da Kaduna da Maraɗi, kuma shi ne ya fi buƙatar a yi masa kallon tsanaki. Bayan rabuwar kamfanin EA da hukumar FIFA, jerin ya koma EA Sports FC tun daga 2023. Daɗin zama da aboki a fafata bai ragu ba. Matsalar tana cikin sashen Ultimate Team, inda ake sayen ƙunshin 'yan ƙwallo ba tare da sanin wanda ke ciki ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauki irin wannan ciniki a matsayin caca tun 2018, har EA ta daina sayar da makin sayen ƙunshin a ƙasar a farkon 2019. Ga shi kuma duk shekara sabon bugu yana fitowa, ƙungiyar da aka kashe wa kuɗi a bara ba ta bin mutum zuwa bana.

Ƙananan wasanni da matsakaita ne suka fi riƙe amana a wannan tsakanin. Astro Bot, wanda ya lashe kyautar wasan shekara a bikin The Game Awards na 2024, ana iya kammala shi cikin awanni goma sha, kuma kusan kowane mataki yana zuwa da sabuwar dabara. Hollow Knight: Silksong, aikin ƙaramar tawaga a Ostireliya, ya fito a Satumban 2025 a kan dala 20, a lokacin da manyan wasanni ke kai dala 70 zuwa 80, ko da yake tsananin wuyarsa ya kori wasu. Shi ma Balatro ba ya karɓar kuɗin caca daga kowa, amma yana da jan da ke cinye dare ba a sani ba, wanda shi ma abin lura ne.

Masu kare manyan kamfanoni suna da hujja. Babban wasa yakan ci shekaru biyar ko fiye da ɗaruruwan ma'aikata, don haka dole a nemi kuɗin shiga mai ɗorewa. Kuma nagarta kaɗai ba ta tsare kowa: Microsoft ta rufe Tango Gameworks a Mayun 2024, duk da yabon da wasansu Hi-Fi Rush ya samu, sai da kamfanin Krafton ya ceto shi. Sai dai kamfanonin ne suka zaɓi wannan tsada da hannunsu, sa'ad da suka ɗauka cewa kowane wasa sai ya fi na baya faɗi da tsawo. Bai dace a ɗora wa mai saye nauyin wannan zaɓi ba, ta hanyar cika wasa da ayyukan maimaici ko jawo shi zuwa ƙunshin sa'a.

Ga ma'aikacin da ba ya samun fiye da awa ɗaya bayan sallar isha'i, da uban da ke saya wa ɗansa wasa da kuɗin da aka canza zuwa dala, abin yi a bayyane yake. Kada a biya kuɗin wasa kafin ya fito, a bar shi ya yi wata ɗaya ko biyu a hannun jama'a. A bincika ko yana aiki ba tare da intanet ba, da yawan datar da saukar da shi zai ci, tunda wasu sun haura gigabait 100. A kuma duba ko akwai abin da ake saya a cikinsa bisa sa'a, domin idan akwai, bai kamata a bar katin banki a kan na'urar da yaro ke amfani da ita ba.