Hanyar da ke ba mota wuta tana cikin tafiya

A shekara ta 2025 ƙasar Faransa ta yi wani gwaji bisa babbar hanyar A10, wajen kilomita 40 daga birnin Pari. A tsawon kilomita ɗaya da rabi an fasa gudron, an binne naɗaɗɗun wayoyin jan ƙarfe, an rufe. Idan mota mai aiki da lantarki ta bi ta kansu, wayoyin sukan tada ƙarfin maganaɗisu, wani faranti da ke ƙarƙashin motar ya karɓe shi, ya mai da shi wutar da ke shiga batir, ba tare da motar ta tsaya ba. Asalin dabarar tsoho ne, domin Michael Faraday ya gano shi tun 1831.

Ba don ƙananan motoci aka fi yin wannan wahala ba, don manyan kamiyo ne. Batirin kamiyon da ke tafiya mai nisa yana kai nauyin tan da yawa, kuma kowane tan nasa kaya ne da ba a ɗauka ba. In hanya tana ba da wuta, ƙaramin batir ya isa.

Amma wa zai fara fidda kuɗi? Mai kamiyo ba zai sayi faranti saboda kilomita ɗaya da rabi ba, gwamnati kuma tana nauyin fasa ɗaruruwan kilomita alhali motocin da za su amfana ba su samu ba. Ana cikin wannan jiran juna, kuɗin batir ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari daga 2010, wuraren cika shi da gaggawa suna ta ƙaruwa a bakin hanyoyi.

Ƙasar Suwed, wadda ta yi irin wannan gwaji a tsibirin Gotland, ta so ta sa wa hanyar E20 wuta tsakanin Hallsberg da Örebro, amma a 2023 ta soke neman ƴan kwangila saboda tsada. Wannan ba ƙaramin gargaɗi ba ne ga Faransa.

Inda lissafin ya fi sauƙi shi ne wurin motocin da ba su sake hanya, kamar bas-bas ɗin da birnin Gumi na Koriya ta Kudu ya fara gudanarwa a 2013. Can hukuma ta san motocin da za su bi, ta kuma san inda za ta binne waya.