Daga Fijo zuwa ƙirar hannu: Abin da ke hana motar matasan Kakuri hawa titi

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar Naira a watan da ya biyo baya, sayen mota ya zama abin da mai matsakaicin albashi ke hange daga nesa. Dalar da ake canzawa a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 cikin shekarar 2024, kuma da yake mafi yawan motocin da ke kan titunan Najeriya da dala ake shigo da su, farashin 'yar Kwatano ya tashi da ita.

Hakan ya mayar da hankalin jama'a kan gareji. Motar da a da za a sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo, yau sai a ja ta a kai wa bakanike ya sauke inji ya ɗora wani, mai walda ya toshe ruɓar ƙasa, mai fenti ya rufe sauran.

A unguwannin kudancin Kogin Kaduna, irin su Kakuri da Makera da Nasarawa da Television da Sabon Tasha, cikin yaran gareji akwai waɗanda burinsu ya wuce gyara. So suke su ɗauki tsohuwar gangar jiki, su yanke, su sake fasali, su saka injin da ya fi na asali ƙarfi, su fito da motar da babu irinta a gari. Amurkawa na kiran irin wannan mota “hot rod”, kuma a can ta zama masana'anta mai zaman kanta. A nan kuwa yawancinsu a bidiyon Facebook da TikTok suke ƙarewa. Dalilin hakan yana da alaƙa da ƙwarewa, amma ya fi alaƙa da rashin wurin gwaji da hanyar rajista.

Gadon da Fijo ya bari

Kakuri ba baƙuwar haɗa mota ba ce. An kafa kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, a 1972, ya fara fitar da motoci daga masana'antarsa ta Kakuri a 1975. A farkon shekarun 1980, lokacin da yake tashe, yana haɗa fiye da mota 50,000 a shekara, da dubban ma'aikata. Fijo 504 ta zama motar gwamna da ta direban tasha, aka kuma ci gaba da haɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa.

Daga nan abubuwa suka ja baya. An sayar da hannun jarin gwamnati ga ASD Motors a 2006, hukumar karɓar basussuka ta AMCON ta karɓe kamfanin a 2012, sannan kamfanin Nesbitt ya saye shi a 2020. A gefe guda masaƙun da suka raya yankin suka rufe ɗaya bayan ɗaya, KTL a 2002, UNTL a 2007. Sabuwar masana'antar Dangote da Peugeot da ke kan hanyar Abuja ta fara aiki a 2022, sai dai ba ta kai ga cike gurbin ayyukan da aka rasa ba.

Masana'anta kan rufe, amma hannun da ya koyi aiki ba ya rufewa. Da yawa daga waɗanda suka bar PAN da masaƙun sun buɗe gareji ko shagon walda ko na juya ƙarfe, suka ɗauki yara. Yaran nan su ne iyayen gida a yau. A ƙetaren kogi kuma akwai tsohuwar kasuwar Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, inda da wuya a rasa wanda zai ƙera abin da aka zana masa a takarda. Ga kuma tsohuwar sana'ar masu haɗa bodin katako na manyan motoci, wadda ta nuna cewa tun da daɗewa Arewa ta iya ɗaukar inji da shasin wani ta gina nata a kai.

Inda sabon shiga ke tuntuɓe

Sabon shiga yakan fara da inji, domin shi ne ke da ƙara kuma shi jama'a ke tambaya. Tsofaffin kanikawa kuwa da shasi suke farawa. Idan ƙashin mota ya ruɓe ko ya taɓa lanƙwashewa a haɗari, duk abin da aka ɗora a kansa ɓarnar kuɗi ce. Shi ya sa irin 504, musamman a-kori-kurarta, ta dace da mai koyo: injinta a miƙe yake, tayoyin baya ke ja, wayoyinta kaɗan ne, kayan gyaranta kuma suna nan a kasuwa. Motocin zamani masu kwamfuta da na'urori a kowane lungu sun fi wuyar yanka da sake haɗawa.

Wuri na biyu shi ne birki. Lissafin ba ya canzawa don son ran kowa: idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota ke ci kafin ta tsaya bayan an taka birki yana ninkawa sau huɗu. Wanda ya ɗora inji mai ƙarfi a kan birkin da aka tsara wa ƙaramin inji ya ƙara wa motar ikon tafiya ne ya bar ta da tsohon ikon tsayawa. Haka nan injin da ya fi nauyi yana sauya yadda mota ke shan kwana, yana kuma buƙatar lagireto da shokazoba da suka dace da shi.

Na uku shi ne walda. Ɗinkin da ya isa ya riƙe ƙofar gida ba zai riƙe sandar sitiyari da ke girgiza a hanyar Kachia ba, kuma ido ba ya gane tsagar da ke cikin ƙarfe. Najeriya ta san wannan matsala tun daga motocin da ake shigo da su da sitiyari a dama, a mayar da shi hagu a gareji, bayan ƙasar ta koma tuƙi ta hannun dama a ranar 2 ga Afrilun 1972. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta sha yin gargaɗi a kan irin wannan juyi.

Yanzu ga iskar gas ta CNG ta shigo. Ana matse ta a tukunya da ƙarfin ma'aunin “bar” 200, kusan sau 90 na iskar tayar ƙaramar mota. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan sayar da gas a Benin, ta jikkata mutane, hukumomi kuma suka ce tukunyar da ke jikinta haɗin gida ce da ba ta cika ƙa'ida ba. Wanda ya yi wannan aiki ya iya walda. Abin da ya rasa shi ne wanda zai duba aikin ya ce masa a'a kafin a cika tukunyar.

Motar da ba ta da takarda

A ce matashi ya tsallake duk waɗannan, ya gama mota lafiyayya. Sai ya tarar da katanga ta gaba. Tsarin rajistar mota a Najeriya an gina shi ne a kan motar da kamfani ya ƙera: ana neman lambar shasi, da takardar kwastam idan daga waje ta zo, da shaidar saye. Motar da aka haɗa da bututun ƙarfe daga Panteka, da injin wata mota, da giyar wata, ba ta da ko ɗaya daga ciki.

Zaɓi biyu ya rage wa mai ita. Ko dai ya yi amfani da takardun tsohuwar motar da ya yanka, waɗanda ke bayanin abin da babu shi yanzu, ko ya fita ba takarda ya yi ta ɓuya da jami'an KASTLEA da na kiyaye haɗura. A duka biyun, idan haɗari ya faru, kamfanin inshora yana da hujjar zamewa, wanda aka buge kuma ba shi da inda zai kama. Babu mai hankalin da zai sayi irin wannan mota da kuɗi mai kauri, babu bankin da zai ba da rance a kanta. A nan sana'ar ke mutuwa tun ba ta fara ba.

An ga masu basira da dama. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic. A 2019 Jerry Mallo ya nuna motar tsere da ya ƙera a Jihar Filato. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya mayar da ƙananan bas-bas masu amfani da lantarki. Kowannensu ya sha yabo da ziyarar manya, amma har yau babu wata sananniyar ƙofa da wanda ya zo bayansu zai ƙwanƙwasa a gwada masa aikinsa a ba shi lamba.

Yadda wasu suka yi

Ita ma Amurka da rikici ta fara. A shekarun 1930 samarin kudancin Kalifoniya, waɗanda ba su da kuɗin sabuwar mota, suka riƙa sayen tsofaffin Ford suna cire duk abin da ke da nauyi suna ƙara wa inji ƙarfi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin da suka koyi kanikanci a bakin daga suka dawo suka ƙara wa abin wuta. Tsere a kan titi ya yawaita, aka yi asarar rayuka, jaridu da 'yan sanda suka ɗauke su a matsayin 'yan iskan gari.

Abin da ya sauya lamarin shi ne tsari. An kafa ƙungiyar auna gudu ta kudancin Kalifoniya a 1937, mujallar Hot Rod ta fara fita a 1948, sannan a 1951 editanta Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA da nufin raba tsere da titi. Suka haɗa kai da 'yan sanda, aka ba su tsofaffin filayen jirgin sama, aka kafa sharaɗi cewa mota ba ta shiga fili sai an duba birki da sitiyari da tankin mai. Masu ƙera kayan ƙarin ƙarfi a ƙananan gareji, irin su Vic Edelbrock, suka zama kamfanoni, har suka kafa ƙungiyarsu ta SEMA a 1963.

Ingila kuma ta warware matsalar takarda. Wanda ya haɗa mota a gidansa yakan kai ta gwaji na musamman da ake yi wa mota guda ɗaya. Idan ta ci, a yi mata rajista, idan kuma ba a tabbatar da shekarunta ko asalinta ba a ba ta lamba mai farawa da harafin Q. Ko a nan Afirka ta Yamma, kanikawan Suame Magazine da ke Kumasi a Ghana sun haɗu a ƙarƙashin ƙungiyarsu suka ƙera mota mai suna Turtle a 2013.

Abin da ke hannun Kaduna

Kusan duk kayan aikin da ake buƙata suna cikin jihar, a warwatse. Hedikwatar Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, a Kaduna take, kuma shugabanta Farfesa Idris Bugaje tun yana shugaban kwalejin fasaha ya yi aikin samar wa masu sana'ar Panteka takardar shaidar ƙwarewa. Hukumar Tsara da Bunƙasa Ƙera Motoci, NADDC, wadda Jelani Aliyu, haifaffen Kaduna da ya zana Chevrolet Volt, ya shugabanta daga 2017 zuwa 2023, tana da cibiyar gwajin ƙarafa a Zariya. PAN na da cibiyar horar da kanikawa a Kakuri. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da cibiyar koyar da sana'o'i da gwamnatin Uba Sani ta gina, mai rassa a Rigachikun da Soba da Samarun Kataf, tare da bas-bas 100 masu amfani da gas.

Abin da ya rage shi ne a haɗa su a kan hanya ɗaya. Rajistar mota aikin jiha ne tare da hukumar kiyaye haɗura, don haka Kaduna na iya neman a buɗe rukunin “ƙirar gida”: jerin abubuwan da za a duba a buga shi da Hausa da Turanci, kuɗin gwaji a san shi, injiniyoyin kwalejin fasaha da na NADDC su yi duban, wanda ya ci a buga masa lambar shasi. Sannan a ware fili a ɗaya daga cikin masana'antun Kakuri da ciyawa ta cinye, inda za a gwada gudu da birki a rana tsayayya. Hakan zai ba hukuma ƙarfin hujja a kan masu wasan ganganci da mota a bukukuwan aure, tunda an ba su inda za su je.

Akwai abin tsoro a ciki. Duk sabon izini a Najeriya yana iya zama sabuwar kafar karɓar na goro, kuma Kaduna ta taɓa rushe ofishin VIO baki ɗaya a 2015 bisa zargin cin hanci. Idan gwajin ya zama na wanda ya biya, gara babu shi, domin zai sa wa mota mai haɗari hatimin gwamnati. Haka kuma motar ƙirar hannu ba za ta maye gurbin masana'anta ba a ƙasar da Ajaokuta ba ta fitar da ƙarfe, wutar walda kuma ta yi tsada tun bayan ƙarin kuɗin lantarki na Afrilun 2024.

Ribarta a wani wuri take. Yaron da ya haɗa mota ɗaya daga shasi zuwa fitila, aka mayar da shi sau biyu saboda birki har ya gyara, ya koyi abin da shekara biyar ta canza fulogi ba za ta koya masa ba. Shi ne wanda zai iya juya mota zuwa gas ba tare da ya kashe kowa ba, shi ne kuma masana'antar Dangote ko PAN za ta nema idan aiki ya buɗe. Motocin nan ana haɗa su a Kakuri ko gwamnati ta duba ko ba ta duba ba, kuma a kan titin da 'yan makaranta ke tsallakawa ake gwada su.