Shekarar Ƙwallon Kwando: Wane Ne Ya Ci Riba?

A ƙasar Amurka, in sanyi ya shigo wajen watan Nuwamba, ƙanƙara takan rufe filayen wasa a jihohin arewa. Sai yara su koma cikin manyan ɗakunan wasa na makaranta, su shiga ƙwallon kwando har wajen watan Fabrairu. Asalin wasan ma ke nan. A cikin Disamba 1891 wani malami mutumin Kanada, James Naismith, ya ƙago shi a garin Springfield domin ɗalibansa su sami abin motsa jiki a lokacin hunturu. Ya rataye kwanduna 2 na zuba 'ya'yan itace, kowane ƙafa 10 daga ƙasa, ya rubuta dokoki 13. Har yanzu tsayin kwandon ke nan.

Galibin ƙananan makarantun sakandare na can, inda 'yan shekara 12 zuwa 14 suke karatu, suna da ƙungiyar 'yan maza. Da farko malamin wasanni yakan tara masu so, ya gwada su 'yan kwanaki, ya zaɓi kamar yara 12. Bayan an tashi makaranta sai su yi ta koyon gudu da ƙwallo, da miƙa wa juna, da jefawa cikin kwando. Kowane mako sukan kara da wata makaranta, wani lokaci a gida, wani lokaci su yi baƙunci. A makarantu da yawa kuma, yaron da ya yi sakaci da karatu ba a barinsa ya yi wasa sai ya gyara. A ƙarshe a yi gasa, ƙungiya ɗaya ta ɗauki kofi.

To, in shekarar wasa ta ƙare, da me ya kamata a auna ta? Mutane da yawa kofi kaɗai suke dubawa. Wannan awo kuwa bai cika ba. Awon gaskiya shi ne, yara nawa ne suka shiga fili, kuma me kowannensu ya ƙaru da shi.

Ga dalili. Mutum 5 ne kaɗai ke shiga fili daga kowane gefe. Malamin da ya sa zuciya ga kofi yakan zaɓi dogaye 5 ya bar su ciki tun daga farko har ƙarshe, sauran 7 kuwa su zauna bisa benci suna tafi. Alhali akwai lokacin da zai ishi kowa. A wurare da yawa wasan 'yan wannan shekaru kashi 4 ne, kowane kashi minti 6, watau minti 24 ke nan. In aka tara na mutum 5, an sami minti 120. In aka raba wa yara 12, kowa ya tashi da minti 10. Ba lalle ne a raba daidai wa daida ba, amma bai kamata a ce yaro ya zo koyo kullum, sa'an nan wata 3 su wuce bai taɓa ƙwallo gaban jama'a ba.

Dalili na biyu, yara ba su girma tare. Wani yakan miƙe tun yana shekara 12, wani sai ya kai 16. Ba wanda ya isa ya dubi ɗan shekara 13 ya ce ga abin da zai zama. A 1978 wani yaro a jihar Karolina ta Arewa, Michael Jordan, ya nemi shiga babbar ƙungiyar makarantarsu, ba a ɗauke shi ba, gama a lokacin bai kai ƙafa 6 ba. Amma makarantar tana da ƙungiya ta biyu, a can ya yi ta wasa. Daga baya ya kai ƙafa 6 da inci 6, ya ci kofin babbar gasar Amurka sau 6 tare da ƙungiyar birnin Shikago. Haka kuma Hakeem Olajuwon, wanda aka haifa a Legas a 1963, ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu ya fara yi, bai kama ƙwallon kwando ba sai da ya kai wajen shekara 15. Duk da haka ya ci wannan kofi a 1994 da 1995. Lalle ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Wani zai ce, ai wasa don a ci ake yinsa, kuma yaron da ya fi gwaninta shi ya cancanci fili. Akwai gaskiya a nan. Wasan da ba a neman nasara ba shi da armashi, kuma ba daidai ba ne malalaci ya sami rabo ɗaya da mai himma. Saboda haka gwani ya fi kowa daɗewa a ciki, wanda ba ya zuwa koyo kuwa ya zauna. Amma ƙungiyar makaranta aji ce, ba ta masu wasa don kuɗi ba ce. Ba malamin kirki da zai koya wa yara 5 lissafi, ya ce wa sauran su zuba ido. Ban da haka, ranar da dogo ya gurɗe ƙafa, ko alƙalin wasa ya fitar da shi don yawan laifi, dole a waiwayi benci. In ba a taɓa gwada na bencin ba, ranar nan ƙungiya za ta sha kunya.

Yaron da ke benci shi ma akwai abin da ke wuyansa. Kada ya yi zuciya ya daina zuwa. Ya riƙa zuwa da wuri, ya lura da yadda gwanaye ke yi, ya yi ta jifa har hannu ya saba. Gwani kuma kada ya riƙe ƙwallo shi kaɗai don a yaba masa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan magana ta shafi makarantun ƙasar Hausa inda ake yin wasan. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a can ya fara jefa ƙwallo yana yaro, kuma shi ne shugaban ƙungiyar Toronto lokacin da ta ci babban kofin nan a 2019. Kofi ƙungiya ɗaya ke ɗauka a shekara. Amma kowace makaranta tana iya sallamar yaranta 12 sun fi yadda suka zo iya wasa, da haƙuri, da taimakon juna. Wadda ta yi haka, ita ce ta ci riba.